Ishara Daga Maƙwabcin Rana

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ƙawata sama da taurari, ya hore rana da wata domin amfanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, da za a tara mutane a dandali da dare a ce kowa ya nuna tauraron da ya fi kusa da duniya, lalle da yawa za su miƙa yatsa wajen Zara ko Gamzaki, saboda ƙarfin haskensu, wasu kuma su nuna Kaza da 'Ya'yanta. Alhali kuwa dukkansu sun yi kuskure. Masana ilmin falaki sun tabbatar Zara da Gamzaki abu guda ne, watau wata duniya ce 'yar'uwar wannan, wadda take aron haske daga rana. Kaza da 'Ya'yanta kuwa nisansu ya kai ga haskensu yakan yi tafiyar fiye da shekara 400 kafin ya iso ga idon mai kallo. Rana ita kanta tauraruwa ce, ita ce ta fi kowace kusa. Amma wanda yake bi mata a kusanci, watau maƙwabcinta na ƙut da ƙut, wani ɗan ƙaramin jan tauraro ne wanda ido ba ya iya ganinsa sai da madubin hangen nesa. Sunansa Proxima Centauri, kalmar farko kuwa a harshen Latin ma'anarta mafi kusa.

Kada mai karatu ya yi mamakin ganin zancen tauraro a filin addini. Alƙur'ani Mai girma ya yi ta kiran masu hankali su dubi halittar sammai da ƙasa, har akwai sura sukutum mai sunan tauraro, watau Suratun Najmi. Abin da shari'a ta hana shi ne duba, da jingina arziki ko tsiya, ko saukar ruwa, ko mutuwar wani, ga fitowar tauraro ko faɗuwarsa. Zaidu ɗan Khalid, Allah ya yarda da shi, ya ba da labari cewa an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da gari ya waye Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai cewa wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah shi ne mai imani, wanda ya jingina shi ga wani tauraro kuwa ya kafirce wa Ubangijinsa. Shi kuma Katada, babban malamin tafsiri daga cikin tabi'ai, ya taƙaita hikimar halittar taurari a abu uku: ado ga sama, da jifan shaiɗanu, da alamomin gane hanya. To, nazarin da zai ƙara wa bawa sanin girman Mahalicci da yawan ni'imarsa, wannan ibada ce, shi ne kuma nufin wannan bayani.

Yadda Aka Gano Shi

A cikin watannin Afrilu, Mayu da Yuni, idan sama ta washe da dare, mutumin da ke Kano ko Damagaram ya fuskanci kudu sosai zai hangi wani tauraro mai tsananin haske can ƙasa ƙasa, ba nisa da inda sama ta haɗu da ƙasa. Larabawa suna kiransa Rijlu Kanɗuris, Turawa kuma suna ce da shi Alpha Centauri. Shi ne na uku a haske cikin taurarin dare, bayan Shi'ira, wadda aka ambata a Suratun Najmi, da Suhailu. Ido yana ganinsa guda ɗaya, amma a haƙiƙa taurari biyu ne masu kewaya juna, kowannensu ya yi kusa da rana a girma. A gefensu, tazarar da ta kai faɗin cikakken wata sau huɗu, nan Proxima yake laɓe. Yana kewaya waɗannan biyun daga nesa ƙwarai, zagaye ɗaya yakan ɗauke shi wajen shekara 550,000.

Malaman falaki na Musulmi sun yi aiki babba a kan taurari. Abdurrahman As-Sufi ya rubuta littafinsa na siffofin taurari a wajajen shekara ta 964 Miladiyya, ya tsara su gwargwadon haskensu. Amma shi da waɗanda suka gabace shi da waɗanda suka biyo bayansa da ƙarni tara, babu wanda ya san da zaman wannan maƙwabci, domin sai an ninka haskensa wajen sau 100 kafin ido ya soma hango shi. Sai a 1915 wani masani mai suna Robert Innes, shugaban gidan nazarin taurari na birnin Johannesbag a Afirka ta Kudu, yana gwama hotunan sama da aka ɗauka a shekaru daban daban, ya lura da wani ɗan ɗigo yana gusawa daidai da yadda Rijlu Kanɗuris ke gusawa. A 1917 aka auna nisansa, Innes ya ba shi sunan da ake kiransa da shi har yau.

Kusancin da ake faɗa kuwa kusanci ne a ma'aunin sama. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Daga rana zuwa duniya, tazarar kilomita miliyan 150, yakan yi minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Daga Proxima kuwa sai ya yi shekara 4 da wata 3 yana tafe, watau kimanin kilomita miliyan 40 sau miliyan. Kumbon Amurka mai suna Voyager 1, wanda aka harba a 1977, yana gudun wajen kilomita 17 a daƙiƙa; da can ya nufa, da sai ya shafe fiye da shekara 70,000 a hanya. Wannan fa shi ne gida na farko bayan an fita daga gidan rana. Mai hankali idan ya ji haka sai ya tuna cewa a Suratul Hakkati Allah ya rantse da abin da mutane ke gani da abin da ba su gani, ya kuma gane cewa abin da ido ya gani ɗan kaɗan ne daga mulkin Ubangiji.

Siffarsa Da Halinsa

Masana suna kiran irin wannan tauraro jan wada. Wada ne domin nauyinsa kimanin kashi 1 cikin 8 ne na nauyin rana, faɗinsa kuma kashi 1 cikin 7. Ja ne domin wutarsa ba ta kai ta rana zafi ba. Kowa ya taɓa zama a maƙera ya san ƙarfe idan ya fara ɗaukar zafi ja yake yi, sai zuga-zugi ya matsa masa sa'an nan ya koma fari fat. Haka abin yake ga taurari. Zafin fuskar rana ya kai digiri 5,500 a ma'aunin Santigired, na Proxima kuwa wajen 2,800 ne. Duk abin da yake fitarwa na haske da zafi bai kai kashi 1 cikin 500 na abin da rana ke fitarwa ba. Wani abin mamaki kuma, kimanin kashi 3 cikin 4 na taurarin da ke cikin babban gungun nan da Larabawa ke kira Majarra, wanda rana take cikinsa, duk jajayen wadanni ne, amma ba a ganin ko ɗaya daga cikinsu da ido kawai.

Wanda ya ji wannan siffa zai zaci tauraro ne mai sanyin hali. Ina! A 1951 wani masani ɗan Amurka, Harlow Shapley na Jami'ar Harvard, ya bincika tsofaffin hotuna ya tarar a wasunsu tauraron ya fi yadda aka san shi haske. Daga nan aka gane yana cikin taurari masu balbali, waɗanda sukan tunzura ba zato ba tsammani su yi feshin wuta na 'yan mintoci, sa'an nan su lafa kamar ba a yi ba. A watan Maris na 2016 wani madubi da ke ƙasar Cile ya ga haskensa ya ninka kusan sau 68. A ranar 24 ga Maris 2017 na'urorin ALMA, su ma a Cile, sun ga ya ninka sau 1,000 cikin daƙiƙa 10 a irin hasken da suke aunawa. A ranar 1 ga Mayu 2019 kuma wata ƙungiyar masana ƙarƙashin Meredith MacGregor, tana amfani da madubai tara, har da Hubble da ke sararin sama, ta shaida wani balbali wanda cikin 'yan daƙiƙoƙi ya ninka sau 14,000 a hasken nan mai ƙuna da ido ba ya gani, wanda ke toye fata.

Dalilin haka, a bayanin masana, shi ne cikin tauraron ba ya zama wuri ɗaya. Daga tsakiyarsa har fuskarsa tafasa yake yi yana juyawa, kamar tukunyar talge a kan murhu. Wannan juyawa tana haifar da ƙarfin maganaɗisu mai tsanani, wanda ke murɗewa yana harɗewa kamar igiyar da ake tufka, har ya kai inda ba zai ƙara murɗuwa ba, sai ya tsinke gaba ɗaya, abin da ya taru ya fashe a lokaci guda.

A ranar 24 ga Agusta 2016 aka ba da sanarwar cewa an gano wata duniya tana kewaya wannan tauraro, aka sa mata suna Proxima b. Nauyinta ya yi kusa da na duniyar 'yan Adam. Saboda wutar tauraron ba ta da ƙarfi, duniyar da za ta sami ɗumi sai ta matso kusa ƙwarai, haka kuwa wannan take: tazararta kimanin kilomita miliyan 7 ce, watau kashi 1 cikin 20 na tazarar da ke tsakanin rana da duniya, shekararta kuma kwana 11 ne da 'yan sa'o'i. A wannan matsayi tana samun kusan kashi 2 cikin 3 na ɗumin da duniya ke samu, shi ya sa aka yi ta murna ana cewa mai yiwuwa ruwa ya zauna a kanta. Amma kusancin da ya ba ta ɗumi shi ne ya sa ta a bakin wuta. Duk sa'ad da tauraron ya tunzura sai ta sha feshinsa daga kusa, masana da yawa kuma suna ganin irin wannan feshi, in ya daɗe yana maimaituwa, yana iya kwashe iskar da ke lulluɓe da duniya ya bar ta fayau.

Daɗin daɗawa, masana suna kyautata zaton fuska ɗaya take nuna wa tauraronta kullum, kamar yadda wata ke nuna wa duniya fuska ɗaya. In haka ne, rabinta rana ce wadda ba ta faɗuwa, rabinta kuma dare ne wanda gari ba ya wayewa. Mai karatun Alƙur'ani da jin wannan zai tuna ayoyi na 71 da 72 na Suratul Kasasi, inda Allah ya umurci Annabinsa ya tambayi mutane, in da zai dawwamar musu da dare har tashin ƙiyama, wane abin bauta ne zai kawo musu haske, in kuma ya dawwamar da yini, wa zai kawo musu daren da za su huta a cikinsa. Mutane sun daɗe suna karanta wannan tambaya suna wucewa, domin ba su taɓa ganin dare ya ƙi ƙarewa ba. Ga shi yanzu an hango wurin da mai yiwuwa haka zamansa yake.

Ni'imar Da Aka Saba Da Ita

To, a nan ne mai hankali zai waiwayo ya dubi ranar da ke fitowa a kansa kowace safiya. A aya ta 33 ta Suratu Ibrahim, Allah ya ambaci hore rana da wata ga bayinsa, ya siffanta su da kalmar da'ibaini. Asalin kalmar a Larabci shi ne da'abu, watau ɗorewa a kan aiki bisa al'ada guda ba tare da gajiya ko saɓawa ba. Aya ta gaba kuma ita ce ta sanar da mutane cewa ba za su iya ƙididdige ni'imomin Allah ba. Ma'aunan zamani sun nuna abin da rana ke aikowa na haske da zafi, a zagayenta na shekara 11, bambancinsa bai wuce kashi 1 cikin 1,000 ba. Da wannan ɗorewa manomi ke shuka ya san zai girbe, makiyayi ke fita ya san zai komo, ladan ke duban inuwa ya san azahar ta yi, mai azumi ke jiran faɗuwarta ya sha ruwa.

Ita ma rana takan yi balbali, amma da ma'auni, kuma daga nesa. A ranar 1 ga Satumba 1859 wani Bature a Ingila, Richard Carrington, ya ga wani farin haske ya ɓarke a fuskarta. Kafin a kwana biyu wayoyin tangaraho a Turai da Amurka suka rikice, wasu suka yi tartsatsi, aka kuma ga sama ta yi ja da dare har a tsibirin Kuba. A ranar 13 ga Maris 1989 wata guguwar daga rana ta kashe wutar lantarki a jihar Kwibek ta Kanada, mutane wajen miliyan 6 suka zauna ba wuta har sa'a 9. Waɗannan su ne ake ba da labarinsu ana jinjinawa, alhali balbalin Proxima na 2019 masana sun ƙiyasta ya ninka irinsa na rana wajen sau 100, ga shi kuma a kan duniyar da ke dab da shi. Bayan nisan da Allah ya sanya tsakanin rana da duniya, ya kuma kewaye duniya da garkuwar maganaɗisu mai karkatar da abin da rana ke fesowa, da lulluɓin iska, a cikinsa akwai wani shimfiɗi da ake kira ozon, tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga ƙasa, mai tare mafi yawan hasken nan mai ƙuna. Suratul Anbiya'i ta siffanta sama da cewa rufi ne tsararre. Malaman tafsiri na da sun fassara tsarin da kariya daga faɗowa da kuma daga shaiɗanu, bai kuwa kamata a tilasta wa aya ma'anar da ba a tabbatar ba. Sai dai babu laifi mumini ya ga wannan kariya ya ce lalle tana cikin rahamar Mai rufin.

Ɗabi'ar ɗan Adam ce ya gode wa abin da ya zo masa ba zato, ya manta da abin da ke zuwa kullum. Wanda ya tsinci kuɗi a hanya yakan yi hamdala har ya ba da labari, amma da wuya a ji wanda ya yi hamdala domin rana ta fito yau kamar yadda ta fito jiya. Har ma akan ji mutane suna zagin rana a watan bazara. Ni'imar da ba ta yankewa ita ce mafi girma, ita ce kuma aka fi gafala da ita. Allah kuwa ya yi alkawari a cikin wannan sura ta Ibrahim cewa zai ƙara wa masu godiya, ya kuma yi gargaɗin azaba ga masu butulci. Godiya ba ta tsaya ga harshe ba. Malamai sun ce ana yin ta da zuciya, da harshe, da gaɓoɓi, mafi cikarta kuwa bawa ya yi wa bayin Allah irin kyautatawar da Allah ya yi masa.

Kowane Shugaba Rana Ne

Wannan shi ne ya kawo magana ga zaman mutane. Duk wanda Allah ya ɗora wa kiwon wasu, kamar rana yake a gare su. Maigida ga iyalinsa, uwa ga 'ya'yanta, malami ga almajiransa, alƙali ga masu ƙara, mai sana'a ga yaran shagonsa, sarki ga talakawansa. A ƙarƙashinsa suke samun ɗumi, ba su kuwa da ikon matsawa nesa. Abin tambaya shi ne, wace irin rana ce shi: mai ɗorewa a kan ma'auni, ko kuwa mai balbali?

Akwai mutumin da a waje ba a jin kansa. A masallaci yana sahun gaba, a kasuwa ana yaba sanyin halinsa, maƙwabta ma ba su san yana da murya ba. Amma da ya sa ƙafa a zaure sai gida ya yi tsit, yara su ɓuya, uwargida ta shiga karanta fuskarsa don ta san irin yinin da za a yi. Yana iya yin mako yana raha, sa'an nan a kan gishirin miya ko kukan jariri ya tashi kamar wutar kara, ya faɗi abin da ba ya ɗebuwa, ko ya ɗaga hannu. Bayan minti kaɗan ya huce, har ya yi mamakin yadda mutanen gidan suka kasa mantawa. Bai san cewa wanda ke nesa labari kawai yake ji ba, na kusa shi ke ƙonewa. Kamar yadda feshin tauraro ke iya cinye iskar duniyar da ke kusa da shi kaɗan kaɗan, haka fushin da ke maimaituwa ke cinye natsuwa da amincin gida, har a wayi gari ana zaune tare amma zukata sun bushe. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya ma'aunin alherin mutum a yadda yake da iyalinsa, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, ya yi masa hidima shekara 10, ya kuma shaida cewa bai taɓa yi masa ko tsaki ba.

Gidaje nawa ne suka watse a kan balbalin daƙiƙa goma? Mutum ya fusata ya furta saki uku a numfashi guda, kafin la'asar ya dawo hayyacinsa ya shiga bin malamai gida gida yana neman mafita. Alhali littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan ilmi na mazhabar Malikiyya, ya bayyana cewa tara saki uku a kalma guda bidi'a ne, amma in ya auku ya lazimci mai shi. Magana zarar bunu ce. 'Ya'ya su tashi a hannun kishiyar uwa, dangi biyu su ɓata, duk a kan abin da da an yi shiru na ɗan lokaci da ya wuce. Saboda irin wannan haɗari ne shari'a ta hana alƙali yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Bakrata. In an hana alƙali, wanda ke da littafi a gabansa da shaidu, ina ga maigidan da shi ne mai ƙara, shi ne kuma mai hukunci?

Musulunci bai ce a kashe fushi ba, domin halitta ce, yana kuma da wurinsa idan an keta dokar Allah. Abin da ya nema shi ne a riƙe shi da linzami. A aya ta 134 ta Suratu Ali Imrana an yabi masu haɗiye fushi da masu yafe wa mutane. Kalmar da aka yi amfani da ita, kazmu, Larabawa suna faɗinta ne ga ɗaure bakin salka bayan ta cika da ruwa. Ma'ana, fushin yana nan, ya cika har wuya, amma an ɗaure bakinsa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana ƙarfi na gaskiya a mallakar kai lokacin fushi, ya fifita shi a kan ka da abokin kokawa. Wani mutum kuma ya nemi ya yi masa wasiyya, ya hore shi da barin fushi, mutumin ya yi ta maimaita roƙonsa, amsar ba ta canza ba. Ya kuma koyar da magani: mai fushi ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa.

Akwai kuma darasi a cikin dalilin balbalin nan. Tauraron ba ya fashewa sai abin da ya murɗe a cikinsa ya taru ya kai maƙura. Haka mafi yawan fushin gida yake. Bashi ne da aka kwana da shi, ko wulaƙancin da aka sha a wurin aiki aka kasa ramawa, ko ƙorafin da aka ƙi faɗa da lalama tun yana ƙarami, sai a zo a sauke shi a kan wanda ba shi da ƙarfin kare kansa. Mai hikima yakan warware igiya tun ba ta harɗe ba: ya yi magana a lokacin sanyi, ya nemi shawarar na gaba, ya kai kukansa ga Allah a cikin sujada. Haka kuma ɗorewa ake so a alheri. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Kyautar shekara guda ba ta goge tsoron kwana 300. Sakin fuska na kullum, da ciyarwa gwargwadon hali, da magana mai daɗi safe da yamma, su ne ke raya gida, kamar yadda hasken rana na yau da gobe ke nunar da hatsi.

Wajibi ne a faɗi cewa wannan duk misali ne kawai. Tauraron ba shi da laifi. Suratul Hajji ta ba da labarin cewa rana da wata da taurari duk masu sujada ne ga Allah, kowanne yana tafiya a kan abin da aka halicce shi dominsa. Ba a ba Proxima zaɓi ba, ba kuwa za a tambaye shi ba. Ɗan Adam shi aka ba hankali da zaɓi, shi za a tsayar a tambaye shi game da kiwon da aka ba shi. Masana sun yi lissafi cewa makamashin wannan ƙaramin tauraro zai iya kai shi shekara miliyan 4 sau miliyan, na rana kuma wajen shekara miliyan 5,000 nan gaba. Wannan ƙiyasi ne bisa al'adar da ake gani, sanin Sa'a kuwa yana wurin Allah shi kaɗai, Suratut Takwiri ta kuma ba da labarin ranar da za a naɗe rana, taurari su zube. A ranar ba za a tambayi kowa nisan tauraro ba. Za a tambaye shi yadda matarsa da 'ya'yansa da barorinsa suka kwana a ƙarƙashinsa.

Saboda haka duk wanda ya ga rana ta ɓullo gobe da safe, a kan lokacinta, da ma'auninta, ya yi hamdala, sa'an nan ya shiga cikin gidansa da fuskar da yake so Ubangijinsa ya karɓe shi da ita. Allah ya sanya Musulmi cikin bayinsa masu godiya, ya ba shugabanni da magidanta haƙuri da sanyin zuciya, ya zaunar da gidaje lafiya, ya sa a cika da imani. Amin.